Tuƙa babban ɗan siyasa ko tuƙa tirela: wanne ya fi hatsari?

Wata uwa daga unguwar Hawsare a Garwa, arewacin Kamaru, ta aiko da wannan tambaya: "Yarona shekara shida ke nan yana tuƙa tirela tsakanin Ngaundere da Kusiri. Yanzu wani babban ɗan siyasa na yankinmu yana so ya ɗauke shi direba. Ni hankalina bai kwanta ba, don kullum sai mu ji an kai wa wani shugaba hari. Mahaifinsa kuwa ya ce tirelar ta fi kisa. Wa ya fi gaskiya tsakaninmu? In bar shi ya karɓa?"

Hajiya, Allah ya raya miki shi, ya sa ya gama da duniya lafiya. Na yi shekara ashirin da bakwai a aikin jandarma, goma sha ɗaya daga ciki ina rakiyar manya a hanyoyin Garwa, Marwa da Kusiri, yanzu kuma da na yi ritaya ina koyar da masu gadi da direbobi. Zan gaya miki abin da zan gaya wa ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya: ke da Malam, mahaifinsa, kowa ya riƙe wani gefe na gaskiya, amma gefen Malam ya fi nauyi. Sai dai ba zan raina tsoronki ba, domin akwai wani abu a cikinsa da masu ɗaukar direbobi ba sa son a faɗa.

Abin shi ne, harsashin da aka harba don babban mutum sau da yawa jikin wani yake samu. Ranar Asabar 19 ga Janairun 2013 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero wuta yana dawowa daga wani taro a masallacin Murtala. Sarki ya tsira, 'ya'yansa biyu suka ji rauni, direbansa da wasu dogaransa kuwa nan suka cika. A Legas ma, ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, da mutanen Dimka suka tare motar Murtala Muhammad a cunkoso, ba shi kaɗai ya tafi ba, ya tafi da dogarinsa da direbansa. Thomas Sankara ya faɗi a Wagadugu a 1987 tare da mutum goma sha biyu, amma ki tambayi mutum ɗari sunan ɗaya daga cikinsu ki gani. Ko a Amurka, da aka harbi Donald Trump a wurin kamfe ranar 13 ga Yulin 2024, kunnensa harsashin ya shafa, wanda ya mutu wani magidanci ne da ya zo kallo da iyalinsa. Mu da muka yi aikin mun san dalili: wanda ke son tsayar da mota direba yake fara nema, kuma shi direba hannuwansa biyu na kan sitiyari, ba shi da damar sunkuyawa.

Ba sai mun je nesa ba. Ana gobe ƙaramar Sallah, ranar 27 ga Yulin 2014, Boko Haram suka shiga Kolofata suka nufi gidan Amadu Ali, wanda a lokacin mataimakin firayim minista ne. Shi ba su same shi ba. Suka kashe mutane, suka tafi da matarsa da lamidon garin da wasu, ba a sako su ba sai a watan Oktoba, tare da 'yan Sin goma da aka sace a Waza. A Njamena kuma, daren 8 ga Janairun 2025, wasu mutane suka far wa ƙofar fadar shugaban ƙasa. Gwamnati ta ce su 24 ne, an kashe 18. Mahamat Deby ko ƙwarzane bai samu ba, sojojin da ke bakin ƙofa su ne suka fara faɗuwa. To kin ga tsoronki yana da tushe.

Amma a bambanta tsakanin shugaban ƙasa da ɗan siyasar da ke neman yaronki. Kujerar shugaban ƙasa, idan aka ƙirga waɗanda suka hau ta, lallai tana cikin ayyukan da suka fi cin masu yin su. Mutum 45 suka mulki Amurka, an kashe huɗu suna kan mulki: Lincoln a 1865, Garfield a 1881, McKinley a 1901, Kennedy a 1963. Maƙwabtanmu na Chadi nasu ya fi haka tsanani. An kashe Tombalbaye a juyin mulkin 13 ga Afrilun 1975. Shekara guda bayan haka aka jefa wa Malloum gurneti a wurin biki, ya tsallake. Gukuni Waddai da Hissene Habre kowanne bindiga ce ta fitar da shi daga fada. Idriss Deby ya ga 'yan tawaye a ƙofar fadarsa a Fabrairun 2008, bayan babban hafsan sojinsa Daud Sumain ya mutu a Masaget, ya tsira daga wannan, sai a Afrilun 2021 ya je fagen daga a Kanem da kansa, aka sanar da rasuwarsa ranar 20 ga wata, kwana ɗaya bayan an ce ya ci zaɓe karo na shida. Wannan duka rigimar kujera ɗaya ce a ƙasa guda. 'Yan majalisa da magadan gari da ministoci kuwa ɗaruruwa ne, suna shiga mota kullum safiya, kuma mafi yawansu za su gama siyasarsu su tsufa ba wanda ya taɓa ɗaga musu ko wuƙa. Rediyo ba ta ba da labarin ranar da aka je aka dawo lafiya, shi ya sa kunnenki ya cika da na harin kawai.

Yanzu mu dubi tirelar. Ke ba kya ganinta da idon tsoro saboda kin saba, ya tafi ya dawo ya kawo miki tsaraba. Ni kuwa na sha tsayawa a gangaren dutsen nan da ke tsakanin Ngaundere da Mbe muna jiran a yanka ƙarfe a ciro direba da yaron motarsa. Mota mai ɗauke da kayan da suka wuce ƙima, birki ya yi zafi a gangare ya ƙi ci, shi ke nan. Ki ƙara da barci. Mai kaya yana bugo waya yana so a isa Njamena kafin jibi, direba ya kwana biyu bai runtsa ba, sai shayi da goro, wasu har da tiramol. In ya wuce Marwa ya kama hanyar Mora, Waza, Dabanga zuwa Kusiri, ga ramuka, ga taɓon damina da ke riƙe mota kwana da kwanaki a daji, ga shi yankin da 'yan Boko Haram ke fitowa. Kafin su ma zargina, wato 'yan fashin hanya, sun addabi hanyoyin nan, har su ne dalilin kafa rundunar da ta zama BIR, rundunar sojan ɗaukin gaggawa ta Kamaru. Hukumar lafiya ta duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Hukumar ƙwadago ta duniya kuma ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan uku ke rasuwa duk shekara sanadin aikinsu, wajen 330,000 ta hanyar hatsari, sauran ta cututtukan da aikin ya jawo musu sannu a hankali. Duk shugabannin da aka taɓa kashewa tun da aka fara rubuta tarihi ba su kai waɗanda hanya ke ci a mako guda ba.

Kuma da za a tambaye ni aikin da ya fi kowanne hatsari a arewacin nan, ba zan ce gadin shugaba ba. Zan ce 'yan sintirin sa kai na ƙauyukan Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga, waɗanda bayan bama-baman Fotokol da Marwa na Yulin 2015 suka riƙa tsayawa a bakin kasuwa da masallaci da sanda da kwari da baka, suna tare wanda ba su yarda da shi ba, suna sane da cewa in ya ɗaura abin a jikinsa tare za su tashi. Zan ce masuntan Darak da ke shiga ruwan tafkin Chadi ba su san wa za su tarar a tsibiri ba. Zan ce samarin da ke ɗauko zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, a jarkoki bisa babur daga kan iyaka, da masu haƙar zinariya a Kuri Bugudi ta arewacin Chadi, inda faɗan kwana biyu a Mayun 2022 ya ci mutum kusan ɗari. Waɗannan ba mai rigar sulke a cikinsu, ba motar asibiti a bayansu, in sun mutu ba a sauke tuta.

To, idan yaronki ya karɓi aikin, me zai fi yi masa barazana? Gudu. Wannan na gani da idona, ban ji a bakin wani ba. Ayarin manya na tafiya da gudun da ya wuce hankali, motoci manne da juna, jiniya na kuka, a ratsa ƙauye ranar kasuwa. Akwai wani direba da muka yi shekaru muna aiki tare, mutumin kirki mai 'ya'ya biyar, ba soja ba ne, maigidansa ne ya ɗauke shi da baki. Muna dawowa daga wani taro da la'asar sakaliya, maigidan na gaggawar kama jirgi, sai garken shanu ya keto titi. Motar gaba ta taka birki, shi yana biye da ita ba tazara. Maigidan na kujerar baya, ya fita da ciwon kafaɗa. Shi direban muka yi masa sutura washegari. An kai wa matarsa buhun shinkafa da ambulan ranar sadakar uku, aka sake kai wani abu ranar arba'in, daga nan ƙafa ta ɗauke. Da ta je neman haƙƙinsa sai aka tarar ba a taɓa rubuta sunansa a ko'ina ba. Har yau in na tuna matar nan tsaye a ƙofar ofis da goyo a bayanta, sai abinci ya fita raina.

Saboda haka abu na farko da zan ce Malam ya je ya tambaya, da kansa, kafin a yi maganar albashi: za a yi takardar ɗaukar aiki? Za a yi masa rajista a CNPS, wato hukumar inshorar ma'aikata? A Kamaru wajibi ne kan mai ɗaukar ma'aikaci, kuma ta nan ne ake biyan magani idan an ji rauni a bakin aiki, ta nan iyali ke samun abin da za su riƙa karɓa in ta Allah ta kasance. Kada kunya ta hana. Babban mutumin da ya ji haushi don an tambaye shi wannan ya riga ya nuna muku yadda zai yi da ku ranar da abu ya faru. (Ku tambayi mai tirelar ma. Ina kyautata zaton shekara shidan nan ba a rubuce suke ba.)

Na biyu, ina ne mutumin yake zuwa, kuma yana jin magana? Wanda yawonsa bai wuce Garwa, Gider, Ngaundere da Yawunde ba daban yake da wanda mazaɓarsa ke bakin iyaka, inda ake binne nakiya a hanyar ƙasa, motar gaba ce ke takawa. Batun jin magana kuwa ya fi motar sulke muhimmanci. Murtala ya ƙi yawan rakiya, yana bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya kowace safiya a motar da ba ta da sulke. Hali ne na sauƙin kai da ya sa jama'a suka ƙaunace shi, amma wanda ke son cutar da shi bai sha wahalar sanin inda zai tsaya ba. Mafi yawan hare-haren da na karanta tarihinsu a wurin da kowa ya san mutum zai zo suke faruwa: ƙofar gida, bakin mota, dandalin taro, masallaci. An soki Sayyidina Umar yana limancin Asuba a Madina, an sari Sayyidina Aliyu yana zuwa Asuba a Kufa. An tayar da bam kusa da Shehun Borno bayan sallar Juma'a a Yulin 2012. An kai wa shugaban Mali Assimi Goita wuƙa a babban masallacin Bamako ranar Babbar Sallah ta 2021. Ba ina cewa a daina zuwa masallaci ba, Allah ya kiyaye. Ina cewa maigidan da za a ce masa "yau mu canza hanya" ko "yau kada mu kwana a nan" ya amsa da "ajali ba ya wuce lokacinsa" ya rufe magana, wannan ya manta an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, kuma ba ransa kaɗai yake wasa da shi ba.

Akwai wani hatsarin da ba a cika faɗa wa sabon direba ba, kuma a Garwa ya kamata mu fi kowa saninsa. Da ɗan gari akan ci gari. Masu gadin Indira Gandhi biyu ne suka harbe ta a 1984. Dogarin Laurent Kabila ne ya harbe shi a ofishinsa a 2001. Ibrahim Ba'are Mainasara na Nijar, masu tsaron fadarsa ne suka buɗe masa wuta a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilun 1999, kwamandansu Dauda Malam Wanke ya hau kujerar. Tunda manya sun san wannan, duk ranar da wani abu ya faru, na kusa ake fara kamawa: direba, kuku, maigadi. Ki tuna 6 ga Afrilun 1984, da wani ɓangare na dakarun fada ya yi yunƙurin kifar da Paul Biya a Yawunde. Yunƙurin ya ci tura, shugaba ya tsira, amma abin da ya biyo baya ya faɗa kan 'yan arewa da yawa, aka kama, aka harbe wasu, wasu suka yi shekaru a kurkuku, aka rushe rundunar baki ɗaya. Akwai gidaje a garinku da har yau ba su san inda kabarin nasu yake ba. A cikin waɗanda abin ya shafa akwai ƙananan sojojin da umarni kawai aka ba su su hau mota. Don haka ki ja kunnen yaronki: abin da ya ji a mota ya mutu a mota. Kada ya gaya wa aboki, ko budurwa, ko ke kanki, inda za su gobe. Kada ya ɗauki hoto ya sa a Facebook ko WhatsApp suna kan hanya. Wanda ya fara yi masa kyautar da ba dalili yana tambayar "yaushe Alhaji zai dawo?", ya kai maganar ga shugaban masu gadi a ranar, kada ya bari sai an ji daga wani wuri. Kuma kada ya yarda a mai da shi ɗan bangar siyasa. An ɗauke shi tuƙi, ba riƙe gora ko rabon kuɗi a rumfar zaɓe ba. Kin ga tarzomar da aka yi a Garwa bayan zaɓen shugaban ƙasa na Oktoban 2025. A irin waɗannan kwanaki motar ɗan siyasa da mai tuƙa ta ba a bambanta su da mai ita.

Wani abu kuma da zai sanyaya miki zuciya: a wannan aiki ƙwarewa tana ceton rai ƙwarai, kuma direba ba abin tausayi ba ne kawai. Ranar 22 ga Agustan 1962 aka yi wa shugaban Faransa De Gaulle kwanton ɓauna a wajen Paris, harsasai fiye da goma suka huda motar, tayoyi suka fashe. Direbansa, wanda jandarma ne, bai taka birki ba, ya riƙe motar ya ƙara wuta ya fice da su, ba wanda ya mutu a cikinta. A Adis Ababa a 1995 sulken mota da juyawar da aka yi nan take zuwa filin jirgi su suka fid da Hosni Mubarak. Da aka harbi Ronald Reagan a 1981, harbi shida cikin abin da bai kai daƙiƙa biyu ba, wani dogari ya buɗe ƙirjinsa ya tare harsashi, ya kuma rayu. Wani ya tura shugaban cikin mota, da ya ga jini mai kumfa a bakinsa sai ya ce a fasa zuwa fada a nufi asibiti, wannan shawarar ce ta cece shi. Babu laya a cikin waɗannan, horo ne da aka maimaita har ya zama jiki.

Abin da nake koya wa direbobi ba shi da wuya. In ka tsaya a bayan mota, ka bar tazarar da za ka riƙa ganin tayoyinta na baya suna taɓa ƙasa, don ka iya ficewa ba sai ka ja da baya ba. Ka ajiye mota gabanta na kallon mafita. Kada mai ya sauka ƙasa da rabin tanki. Ka duba ƙarƙashin mota da tayoyi kowace safiya da idonka, kada ka bar makulli a hannun kowa. Ka san asibiti mafi kusa a kowane zango na tafiyar. In an yi harbi, aikinka fita daga wurin, ba tsayawa ka ga me ya faru ba. Ka koyi ɗaure jijiya, domin wanda babbar jijiyar cinyarsa ta tsinke jini na iya ƙare masa cikin 'yan mintoci, tun kafin a kai shi ko'ina. In motar mai sulke ce, ka sani ta fi wadda ka saba nauyi nesa ba kusa ba, birkinta na buƙatar fili. A nan ma yaronki yana da rinjaye kan wasu, don wanda ya yi shekara shida yana sauko da tirela daga dutsen Ngaundere ya san nauyi, ya san haƙuri da birki. Sannan ya ɗaura bel, ko da maigida da sauran mutanen motar sun yi masa dariya.

Da ɗana ne, Hajiya, zan bar shi ya karɓa idan an yi takarda da rajista, idan mutumin ba mai yawan kwana a bakin iyaka ba ne, idan kuma Malam ya bincika wajen direban da ya bar aikin ya ji dalilin barinsa. Wannan tsohon direban ya fi kowa sanin ko maigidan mai cewa "taka, mun makara" ne, ko mai barin direbansa a rana ba abinci tun safe har dare. In ɗaya daga cikin ukun nan ya gagara, ya ci gaba da tirelarsa tukuna, amma ku sa shi ya yi muku alkawarin daina tuƙin dare daga Mora zuwa Kusiri, ya kwana a Marwa ya bi ayari da safe, ko da mai kaya zai rage masa kuɗin hanya.